Dawakan Katako a Bakin Teku

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a gidan nan idan an ɗauka barci nake yi. Wasu na cewa yayanku ya ƙi gida, Turai ta cinye shi, shi ya sa na yi fushi na raba gandu tun ina da rai. Wasu kuma na cewa ni ne na je Turai mako uku na kwaso halinsu na kowa tasa ta fisshe shi. Duka biyun ba haka ba ne. Zan faɗi abin da ya faru daki-daki, kuma ban yarda wani ya ƙara masa gishiri bayan raina ba.

Abu na farko, ku da kuka taso a zamanin da uba ke saɓa ɗansa a kafaɗa ya ratsa kasuwa da shi, sai kun san yadda muka taso mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna wa mutane ana son sa. Yayanku kuwa kunyarsa biyu ce a kaina, don sunan mahaifina ya ci. Ku kuna ce masa Yaya Abba, ni ko Abban ban taɓa furtawa ba. Da aka yaye shi, yayata Hansatu, wato Goggonku, ta ɗauke shi. A ɗakinta ya girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Idan ina da magana da shi ita nake faɗa wa, ko da kuwa yana tsugune a tsakar gida yana jina. Sai in ce, "Yaya, a gaya wa yaron nan gobe akwai shara a gonar bakin rafi." Ita kuma ta waiwaya ta ce:

"Ɗan Goggo, ka ji sarkin tsari ya yi magana. Gobe kada ka bari zakara ya riga ka tashi, don ubanka ko zakaran ma shi ke yanka masa lokacin cara."

A haka ya tafi makarantar kwana a Dawakin Tofa, a haka ya karanta aikin jinya, ya yi aiki a Kano, ya yi aure, har aiki ya kai shi Ingila. Duk labarinsa ta bakin Goggo yake zuwa mini, duk umarnina ta bakinta yake zuwa masa. Shekara arba'in da ɗoriya ba mu taɓa samun saɓani ba, kuma ina ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa tsarin yana da kyau.

Abu na biyu shi ne shekarar da komai ya juya. Gwiwoyina suka ƙi. Gonakinmu huɗu na tudu da fegin noman rani a ƙasan dam ɗin Watari duk suka koma hannun ƙannensa uku, Haruna da Sani da Isuhu, waɗanda tazararsu ba ta wuce shekara bibbiyu ba, ba mai jin maganar wani. Kowa ya fi daɗewa a gayaunarsa fiye da gonar gandu. Aka fara musu a kan wanda zai riƙe makullin rumbu. Gandu kuwa ba ya tsayuwa sai da babba wanda kowa ke shakka, kuma duk ukun suna shakkar yayansu. Daga nan zuwa Kano tafiyar awa guda ce. Zai iya aikinsa na asibiti ya riƙe gida. Wata rana Haruna ya same ni a zaure ya ce:

"Baba, in Yaya zai dawo, a faɗa mana mu jira. In ba zai dawo ba, a faɗa mana mu san matsayinmu. Zaman nan na ba shugaba ya ishe mu."

A farkon damina, ana cikin shuka, Goggo ta kwanta. Kwana biyu kafin ta cika na zauna a bakin gadonta na ce mata idan yaron nan ya bugo waya ta ɗan taɓa masa zancen gida. Ta dube ni da idanun nan nata da ba su taɓa jin tsorona ba.

"Garba," in ji ta, "na gaji da zama ɗan aike. Kuma inda za ni ba a aiko mutum ya dawo. Kana da baki, buɗe shi."

Bayan an gama girbi yayanku ya aiko mini da takardun tafiya, wai in je a duba gwiwoyina. Na tafi da niyya ɗaya tak, kuma tun a jirgi na tsara maganar: in fara da rasuwar Goggo, in bi da halin da gandu ke ciki, in rufe da abin da nake so. Mako uku na yi a gidansa. Kullum da safe ya zo ya tsuguna ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya tashi ya tafi aiki. Da yamma haka. Matarsa Hadiza, 'yar Gezawa, mace ce marar nauyin baki, ita ce ke cika gidan da magana. Saura kwana biyu in taho ta kawo mini abinci ta ce:

"Baba, gobe ɗanka ya ɗauki hutu, zai kai ka ka ga teku. Ku biyu kawai, yara suna da makaranta."

"Teku kuma? Ai na ga dam ɗin Watari."

"Haba Baba, Watari ai kwanon sha ne. In ka koma aka tambaye ka me ka gani a Turai, sai ka ce asibiti da bangon ɗaki?"

Jirgin ƙasa biyu muka shiga. Sunan garin bai zauna a bakina ba, kuma ba shi da amfani a nan. Muka sauka a tashar da ba kowa sai mu da wata tsohuwa da karenta. Ina sanye da babbar riga, a kanta kwat ɗinsa da Hadiza ta tilasta mini, hannuwan sun fi nawa tsawo. Iska ta tare mu tun daga ƙofar tasha, mai ɗanshi, tana warin kifi da gishiri. Muka bi wani titi da ya gangara. Kantuna jere hagu da dama, yawancinsu an rufe da katako, fentin ya ɓaɓɓare. A saman wani akwai hoton ƙaton mutum yana dariya, rabin fuskarsa ya yage, dariyar na nan. Daga ƙarshen titin sai ga tekun.

Zan faɗi gaskiya, ban ji daɗinsa ba. Na zata shuɗi ne kamar yadda ake nunawa a kalanda. Launin toka ne, sama ma toka, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ruwan ya janye can nesa ya bar laka shimfiɗe, fili wanda ya fi duk gonakin ƙauyenmu in an haɗa, ba a shuka ko kubewa ɗaya a ciki ba. Na tsaya ina tunanin yadda muke faɗa da juna a kan rabon ruwa a fegi, ga shi nan an tara wanda ba iyaka, ba ya shayar da ko akuya. Wasu fararen tsuntsaye suna shawagi a kanmu suna kuka kamar jarirai. Shi kuwa yana tafe taku biyu a bayana, kamar yadda aka koya masa, ni da ban san hanya ba ni ne a gaba.

Wurin wasan a gefen tekun yake, ya yi tsawon da zai kai daga gidan nan zuwa kasuwa. Kana gani ka san an taɓa yin duniya a nan. Akwai wani lilo mai siffar ƙafar keke, tsayinsa ya fi rimi, an ɗaure kujerunsa da sarƙa, iska na kaɗa su suna ƙara. Akwai wata hanyar ƙarfe da aka ɗora a sama tana hawa tana gangarawa, tsatsa ta ci ta, ciyawa ta fito a ƙarƙashi. Akwai ƙananan motoci an jere su an lulluɓe da tamfol. Rumfa ɗaya ce a buɗe, cike da injuna masu fitilu suna walƙiya, kowane yana kiɗansa, ba mutum ko ɗaya a ciki. Wannan ya fi komai damuna. Rufaffen wuri na san shi, kasuwarmu ma tana tashi. Amma kiɗa yana tashi ba mai saurare, ban taɓa gani ba. Muka wuce wani allo da aka zana mace da namiji da kayan wanka, an huda wurin fuskokin don mutum ya sa tasa a ɗauke shi hoto. Na ji ya yi wata 'yar dariya a bayana ya haɗiye ta. Ban waiwaya ba. Da Goggo ce da ta ce sai na sa kaina.

Ya sayo mana kifi da dankali a cikin takarda. Muka zauna a wata rumfa mai gilashi da ke kallon ruwa, shi a wannan ƙarshen benci, ni a wancan. Na ce a raina idan mun gama ci zan fara. Muka gama. Na ce to sai mun yi salla, magana mai nauyi ta fi kyau bayan salla. Ya shimfiɗa mana darduma a cikin rumfar, na shiga gaba, ya tsaya a damana. Mutum biyu ne, don haka dole kafaɗarsa ta taɓa tawa. Tunda aka haife shi ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba, don a gida kullum sahu a cike yake. Na lura ya fi ni tsawo, na kuma lura akwai furfura a gefen kunnensa. Muka sallame. Na yi addu'a mai tsawo fiye da yadda na saba, shi kuma bai tashi ba, yana zaune kansa a sunkuye. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A naɗe dardumar nan kada ta jiƙe."

Daga nan muka bi wata gada ta katako da ta miƙe cikin teku ba ta haɗa da ko'ina ba. An yi ta ne kawai don mutane su je ƙarshe su dawo. A tsakiyarta muka tarar da dawakan. Wani dandamali ne zagayayye mai rumfa, a kansa dawakan katako wajen ashirin, kowane an soke shi da sandar ƙarfe daga sama zuwa ƙasa. An yaye tamfol a gefe ɗaya, wani tsohon Bature yana zaune a kan bokiti yana shafa wa wani doki jan fenti a linzami. Zai yi sa'ana. Hannunsa na rawa, amma idan burushin ya taɓa katako sai ya tsaya cak. Na tsaya ina kallo, don ina son ganin mutumin da ya san aikinsa. Na ce, ba da kowa ba, kamar yadda na saba yi in ina son a ji ni:

"Ko wa ake yi wa kwalliyar nan, ba mai hawa?"

Sai yayanku ya matso ya yi wa tsohon Turanci. Tsohon ya ajiye burushi ya yi dariya, haƙoransa saura kaɗan, ya yi ta zuba. Yayanku ya fassara, idonsa a kan dawakan.

"Ya ce babansa ne ya sassaƙa su. Kowane da sunansa. Wai yana yaro layin masu hawa har bakin gada yake kaiwa. Yanzu mutane jirgi suke hawa su tafi ƙasashen da ake rana. Da bazara ana ɗan samun yara. Ya ce duk hunturu yana fente huɗu, kafin ya kai na ƙarshe na farko ya ɓaɓɓare."

"A tambaye shi ina 'ya'yansa."

"Ya ce macen tana wata ƙasa mai nisa, namijin yana tuƙa babbar mota. Wai sun ce ya sayar wa masu tara kayan da, ya ce sai dai su sayar da shi tare."

"A ce masa ya yi daidai."

"Ya ce kai ne mutum na farko da ya faɗa masa haka. Yana tambaya me kake yi a ƙasarku."

"Noma."

"Wai dawaki nawa gare ka?"

"Jaki ɗaya, shi ma ya fi nasa cin abinci."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ku lura da wannan: tunda nake, ban taɓa doguwar magana da yayanku irin ta ranar ba. Ni ina yi da Bature, shi yana yi da Bature, amma muryarsa nake ji, shi ma tawa yake ji, kuma harshena ya saki kamar lokacin da Goggo ke tsakani. Tsohon ya nace sai na hau ɗaya. Na ce da girmana ba zan hau abin wasan yara ba. Ya ce to bari ya tayar mana mu gani. Ya shiga wani ɗan ɗaki ya murɗa wani abu, kiɗa ya tashi yana shaƙewa, dawakan suka fara zagayawa, suna hawa suna sauka, ba kowa a bayansu. Mu uku muka tsaya muna kallo, iska na shiga mini har ƙashi.

Ana cikin haka tsohon ya dube ni ya faɗi wata gajeriyar magana. Yayanku bai fassara nan take ba. Dawakan suka zagayo sau ɗaya, suka sake zagayowa. Sannan ya ce, a hankali:

"Yana tambaya, wai kai fa? Wai kana bukatar ɗanka ya koma gida ya riƙe maka gonar?"

Na lura fassarar ta fi maganar tsawo, amma na ɗauka haka Turanci yake. Abin da na ratsa duniya don in faɗa, ga shi an miƙo mini, "i" kawai ya rage. Amma a gaban baƙo, kuma ta bakin yaron da kansa? In ce ina bukatarsa, shi kuma ya juya ya faɗa wa Bature ubana ya ce yana bukatata? Ubana bai taɓa faɗar haka a kaina ba, kuma ni ne na riƙe masa gandu shekara talatin. Na ji kunya ta rufe ni tun daga wuya. Na ce:

"A ce masa alhamdu lillahi, muna da hannaye isassu a gida. Kowa ya riƙe inda Allah ya ajiye shi."

Ya ce, "To, Baba." Ya yi wa tsohon magana, tsohon ya koma ɗakinsa ya kashe kiɗan, ya fito mini da shayi mai zafi a kofin takarda. Na sha, na gode masa, muka taho. Na yi niyyar in gyara maganar a jirgin ƙasa inda ba baƙo. Muna zama ya jingina kansa da taga ya rufe ido, bai buɗe ba har muka isa. Na dube shi na ce a raina, wannan mutum ne da aka sauke wa kaya. Ga aikinsa, ga gidansa, ga 'ya'yansa a makaranta. Da yana so da ya nuna. A filin jirgi ya tsuguna, na ce Allah ya yi albarka, na juya.

Abu na uku kun san shi, kuna nan. Kafin ruwan shuka na kira mai unguwa da liman, muka zagaya gonakin da ƙafa duk da gwiwoyina, aka kafa gamba a kan iyakoki, kashi huɗu. Na ce gara in raba da hannuna da a raba da sanda bayan raina. Har yau ina ganin rabon ya yi adalci. Amma tun daga shekarar aka daina ɗora babbar tukunya. Katanga ta ratsa tsakar gidan da kuka yi rarrafe, sannan wata ta ratsa ta. Da, in an idar da magariba, mutum goma sha wani abu ke zama a zauren nan a kan kwano uku. Yanzu kwano uku ake kawo mini daga sassa uku, in zauna in ci ni kaɗai, in ɗiba daga kowane don kada wata ta ce na fi son girkin wata.

Abu na huɗu ba wanda ya sani, kuma saboda shi na rubuta wannan. Shekara uku bayan tafiyar, ranar babbar salla da hantsi, Hadiza ta bugo mini gaisuwa. Muka gaisa, ta tambayi gwiwa, ta tambayi rago. Ni kuma, don in ja hirar, na ce ko tsohon nan mai dawakan katako yana nan da rai, mutumin da ya tambaye ni ko ina bukatar a dawo a riƙe mini gona. Sai ta ce:

"Baba, ka yafe mini, amma na gaji da riƙe wannan. Tsohon nan shayi ya tambaya ko za ka sha, don ya ga kana rawar ɗari. Tambayar ta ɗanka ce. A ranar nan, da takardar ɗaukar aiki a Kano a aljihunsa ya fita. Ni har na fara neman wa yara makaranta. Ya dawo ya ce mini, Baba ya ce akwai hannaye isassu."

Ina zaune a bakin zaure, ana fiɗar rago a gabana, yara na ta rigima a kan wutsiya.

"Baba, kana jina? Ga shi nan zaune kusa da ni, yana jin komai. In ba shi?"

Na ji ya yi gyaran murya ta cikin wayar, kusa-kusa. Na riƙe ta a kunne har hannuna ya gaji.

Na ce, "Ki gaishe shi."

Ta ce, "Zai ji, Baba."

To, kun ji yadda aka yi. Daga yau kada in sake jin wani a gidan nan ya ce yayanku ya ƙi gida. Ya tambaya, ta hanyar da ni na koya masa, kuma ni ne na ba da amsa.